Gasa Kek a Tukunyar Yashi

Littafin girke-girken da ƙanwata ta kawo mini daga Kano yana da kyau, sai dai kowane shafin kek yana buƙatar oben mai zafin digiri 180 da sikelin auna fulawa. A ƙauyenmu na kusa da Ringim ba mu da ko ɗaya, kuma matar da ta wuni tsakanin surfe, ɗiban ruwa da hidimar yara ba ta da lokacin dogon lissafi.

Shi ya sa na mayar da awon zuwa gwangwanin madara: biyu na fulawa, ɗaya na sukari, ɗaya na bota, ƙwai huɗu da ƙaramin cokali biyu na bekin foda. Bota da sukari nake fara bugawa da muciya har su yi fari, domin iskar da take shiga a lokacin tana taimaka wa kek ya tashi. Ƙwai ɗaya bayan ɗaya, fulawa kuma a ƙarshe.

Gashin ne yake son natsuwa. Ina zuba wankakken yashi a tukunya, in ɗora ta a kan garwashi har ya ɗau zafi, sannan in jera gwangwanayen kifin da na shafa wa mai na zuba kwaɓin a ciki, in rufe, in sa garwashi kaɗan a kan murfin. Yashin ne yake rarraba zafi, ya hana gindin ƙonewa. Jajibirin Sallar bara na buɗe tukunyar da wuri, sai tsakiyar kek ɗin ta lotsa, abin da ya ɓata mini rai ƙwarai. Yanzu sai bayan minti 20 nake soka tsinke, idan ya fito a bushe in sauke.