Mako na tara: laka ta cinye mini hoto

'Yan uwa masu koyo, barkanmu da war haka. Mako uku ke nan ba ku ji daga gare ni ba. Hunturu ya sauka sosai a Katsina, ruwan wurin iyon da nake biya ina shiga ya yi sanyin da ba na iya wuce minti ashirin a ciki. Amma ban zauna ba.

Ga waɗanda suka shigo cikinmu kwanan nan, burina shi ne wata rana in ɗauki bidiyo a cikin kogon da ruwa ya cika. Har yau ban taɓa goya tukunyar iskar numfashi ba, kuma ba zan leƙa bakin kogo ba sai na samu horo a hannun ƙwararru. Kayan aikina kyamarar GoPro ce ta hannu, da gilashin nutso, da takalman iyo, da tocila biyu masu jure ruwa.

Ranar Asabar ni da ƙanena muka je bakin madatsar ruwa ta Ajiwa, don in gwada ɗauka a ruwan da ba siminti a ƙasansa. Na zaɓi inda bai wuce mita 2 ba, akwai wani kututture a kwance a ƙasa, ƙananan kifaye na kewaya shi. Na nutsa, na saita kyamara, na kaɗa ƙafa sau uku. Da na fito na duba, daƙiƙa goma na farko tas suke, har ana ganin gansakuka tana rausaya a jikin itacen. Daga nan sai wani jan gajimare ya taso daga bayana ya rufe komai, kamar an dama kunu. Na sake sau uku, sau uku abin ya maimaita kansa.

Wani dattijo masunci yana zaune yana ɗinkin koma, ashe tun ɗazu yana kallona. Ya ce, "Ɗana, ba ruwan ba ne, ƙafarka ce. Kana tafiya a ciki kamar mai tuƙa keke." Na ce, "To Baba, yaya zan yi?" Ya ajiye komar, ya ce in lanƙwasa gwiwa, dugadugaina su kalli sama, in buɗe ƙafa in haɗe kamar kwaɗo, don ruwan da nake turawa ya tafi baya, kada ya doki ƙasa. Muka jira lakar ta lafa, kusan rabin awa. A nutso na biyar na samu daƙiƙa ashirin da biyar cikin ruwa garau.

Abin da ya girgiza ni shi ne, wannan bugun ƙafa na kwaɗo shi ne ainihin abin da ake koya wa masu nutso a kogo. A Ajiwa in laka ta tashi, kaina kawai zan ɗaga in ga rana. A kogo dutse ne a samanka. Tocila ba ta ratsa lakar da ta tashi, kuma tana iya shafe awanni ba ta kwanta ba. Shi ya sa suke jan igiya tun daga bakin kogo ba tare da ta yanke ba, kowa ya riƙe tocila aƙalla uku, su raba iskar tukunya kashi uku: ɗaya na shiga, ɗaya na fita, ɗaya na ko-ta-kwana. Sheck Exley, ɗan Amurka, yana cikin waɗanda suka tsara waɗannan ƙa'idoji bayan ya bi diddigin yadda mutane suke mutuwa a kogwannin Fulorida. Shi ma ruwa ne ajalinsa, a 1994, a ramin Zakaton na ƙasar Meziko.

Akwai labarin da nake so duk mai riƙe kyamara a cikinmu ya sani. A watan Janairun 2005 Dave Shaw, matuƙin jirgin sama ɗan Ostareliya, ya nutsa kogon Boesmansgat a Afirka ta Kudu, zurfin mita 270, don ɗauko gawar wani matashi, Deon Dreyer, da ta shekara goma a can. Ya ɗaura kyamara a hular kwanonsa. Saboda hular, bai rataya wayar tocilarsa a wuya yadda ya saba ba, sai tocilar ta riƙa lilo, ta sarƙe da igiya yana tsaka da aiki. Bai fito da rai ba, kuma kyamarar ce ta nuna wa abokansa yadda abin ya faru. Tun da na san wannan nake zama a bakin ruwa kafin in shiga, in shafa jikina daga wuya zuwa ƙafa, duk abin da ke reto in ɗaure shi ko in cire shi.

Batun haske kuma na samu ci gaba. Da ina manna tocila a jikin kyamara, hoton ya fito da fararen ɗige-ɗige. Kun san yadda fitilar mota ke yi cikin hazo a hanyar Daura da asuba, ƙurar da ke gabanka kaɗai take haskawa? Haka abin yake. Yanzu na ɗaura tocilar a kan guntun bututun roba mai tsawon kamu ɗaya, haske na zuwa daga gefe, ɗige-ɗigen sun ragu ƙwarai. Jan launi kuwa ruwa ne ke shanye shi tun daga wajen mita 5, don haka a matsa kusa da abin da ake ɗauka. Raɓar da ke taruwa cikin akwatin kyamara ma na magance ta da 'yan ƙullin nan masu tsotse laima da ake samu a kwalin sabon takalmi.

A wurin iyo na fara atisayen igiya. Na ɗaura igiyar shanya daga tsani zuwa tsani a ɓangaren da ruwa ke tsaya mini a ƙirji, na rufe gilashina da baƙar leda, ina bin ta da babban yatsa da manuniya a zagaye, ba ja, ba saki. Karon farko na ɓatar da ita cikin daƙiƙa shida, zuciyata ta buga har na ji a kunnuwana, alhali na san in na miƙe tsaye zan sha iska. Ƙanena na tsaye a gefena duk lokacin. Don Allah kada wani ya riƙe numfashi a ruwa shi kaɗai, suma ba ta sallama.

Ruwan madatsa da tafki na iya ɗauke da tsargiya, don haka zan je a gwada mini fitsari nan da 'yan makonni, kuma ba zan koma Ajiwa ba kafin nan. Mako mai zuwa ba zan shiga da kyamara ba sam. Zan zuba yashi cikin faranti a ƙasan wurin iyo, in wuce ta kansa sau goma da bugun kwaɗo, ƙanena ya ƙirga sau nawa yashin ya motsa. Wanda ya gwada kafin ni, ya faɗa mini lambar da ya samu.