Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Ranar da Hajiya ta ce "jikina ya ba ni"

A kashin makon jiya na tsaya da labari a inda aka kira ni tafinta a kotun tarayya da ke Brooklyn, a birnin New York na Amurka, a shari'ar wata dattijuwa 'yar kasuwa da aka tare a filin jirgin sama na JFK. An farke ƙasan akwatinta, aka tarar da hodar heroin fiye da kilo 1 a ƙarƙashin atamfofi da ƙullin yaji. Ba ta musa cewa akwatin a hannunta yake ba. Cewa ta yi saƙo ne aka ba ta, ta kai wa wani a Bronx.

Duk shari'ar a kan abu ɗaya ta tsaya: ta sani ko ba ta sani ba? Dokar miyagun ƙwayoyi ta Amurka, wadda aka kafa a 1970, ba ta kama mutum don kawai an ga kaya a hannunsa. Sai gwamnati ta gamsar da mutanen gari su 12 da ake zaɓa su yanke hukunci, baki ɗaya, cewa da saninsa ya ɗauko. Idan heroin ta kai kilo 1, mafi ƙarancin ɗaurin da doka ta yanka shekara 10 ne.

To amma wa ya ga zuciyar wani? Shi ya sa lauyan gwamnati ya bi ta gefe. Wa ya biya kuɗin tikiti? Me ya sa akwatin ke da nauyi ko an zazzage shi? Nawa aka yi mata alkawari? Akwai kuma wata ƙa'ida da ta yi ƙarfi tun shari'ar Jewell ta 1976, ta mutumin da ya shigo da mota daga Meziko ɗauke da wiwi fam 110 a ɓoyayyen wuri: wanda ya yi zargi mai ƙarfi, sannan ya kau da kai da gangan don kada ya tabbatar, ana iya ɗaukarsa kamar wanda ya sani. Mu kuwa da muka tashi a inda buɗe saƙon mutum a gabansa cin fuska ne, wannan ƙa'ida tana yi mana nauyi ƙwarai.

A rana ta uku Hajiya ta hau ba da shaida. Lauyan ya tambaye ta ko ta taɓa jin wani ɗar game da akwatin. Ta gyara mayafinta, ta juyo gare ni maimakon shi.

"Ɗana, gaya masa gaskiya. Da aka miƙo mini, jikina ya ba ni."

Na yi shiru na daƙiƙa biyu. A wurinmu wannan magana tana iya zama fargabar tafiya, tana iya zama zargi. Na yi rantsuwa ba zan ƙara ba, ba zan rage ba, ba ni kuma da ikon yi mata bayani. Na faɗa da Turanci cewa ta ji wani abu a ranta. Ina gani lauyan ya ja layi a takardarsa. A jawabinsa na ƙarshe sau uku ya maimaita kalmomina.

Aka same ta da laifi. Lauyarta ta shigar da takardar ɗaukaka ƙara cikin kwana 14 da doka ta bayar. A can alƙalai 3 ne, ba sa sake jin shaidu. Rubutaccen bayanin shari'a suke karantawa, kuma bisa ma'aunin shari'ar Jackson ta 1979, suna duban hujjoji ta fuskar da ta fi yi wa gwamnati daɗi. Hausar Hajiya ba ta cikin wannan rubutu. Turancina ne kaɗai a ciki.

Bayan wata biyu lauyar ta kira ni da daddare, ta ce tana so in zo ofishinta da ƙamus. A nan za mu ɗora mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.