Godiyar iyalan marigayiya Malama Baturiya

Assalamu alaikum wa rahmatullah. A madadin yayyena da ƙannena da jikokin gida, ina miƙa godiya ga duk wanda ya tsaya mana tun daga ranar da aka kwantar da Mama a asibiti har zuwa sadakar bakwai da aka yi jiya. Ba zan maimaita abin da ya faru ba, domin mafi yawanku kun bi mu da waya da addu'a, wasu ma da ku aka riƙa kwana a barandar asibiti. Sai yanzu da aka naɗe tabarmin makoki gajiya ta sauko mana, amma hankalinmu a kwance yake, domin ta huta, kuma an yi mata sutura a kan lokaci cikin taron da ba mu taɓa zato ba.

Mutanen Zariya sun san ta da Malama Baturiya, kuma da yawansu ba su taɓa tambayar daga wace ƙasa ta fito ba. 'Yar ƙasar Cek ce, haifaffiyar birnin Brno. Tana ƙaramar yarinya sojojin Jamus suka mamaye ƙasarsu a watan Maris na 1939, ta tashi a zamanin da sai da katin rabon abinci ake sayen burodi, shi ya sa har ta tsufa ba ta yarda a zubar da ko ƙanzon tukunya. A Prag, babban birnin ƙasar, ta haɗu da marigayi Baba, lokacin da gwamnatin Cekoslovakiya (ƙasar da Cek take ciki a lokacin) take ba ɗaliban Afirka gurbin karatu, har ta buɗe wa baƙin ɗalibai jami'a mai suna Jami'ar 17 ga Nuwamba a shekarar 1961. Ta biyo shi gida ba ta san kowa ba sai shi. Bayan tankokin Tarayyar Sobiyat da ƙawayenta sun shiga Prag a watan Agusta na 1968, hanyar ganin dangi ta yi ta ƙuntata, har mahaifiyarta ta rasu ba ta sani ba sai a wasiƙar da ta iso bayan an daɗe da binnewa. Sai da mulkin kwaminisanci ya faɗi a 1989 ta sake taka ƙasar haihuwarta, ta yi ziyara ta dawo ɗakinta.

Lissafi ta koyar a makarantar 'yan mata har ta yi ritaya. Waɗanda suka zauna a ajinta sun san ba ta da wasa, sun kuma san yadda take ɗaura gyale ta tafi har zauren uban yarinya, da Hausarta mai karyayyen harshe, tana roƙo a bar ɗalibarta ta rubuta jarrabawar ƙarshe kafin a ɗaura aure. Takan ce ɗan ƙasarsu Komenski, masanin harkar koyarwa, ya faɗa tun ƙarni na 17 cewa ilimi haƙƙin mace ne kamar yadda yake haƙƙin namiji, Musulunci kuwa da ta karɓa da kanta ya riga shi faɗa. Waɗannan ɗalibai, da yawansu yanzu kakanni ne, su suka riƙe mana girki da tarbar baƙi, ba mu ɗora tukunya ba ko sau ɗaya. Allah Ya saka muku da alheri, Ya jiƙan iyayenku.

Akwai dare ɗaya da ba zan manta ba. Ta farka a firgice tana magana da harshen Cek kaɗai, Hausa da Turanci duk sun ɓace mata, kuma babu ko ɗaya a cikinmu da yake jin fiye da gaisuwa da sunayen abinci. Tana riƙe hannuna tana maimaita magana ɗaya, hawaye na gangarowa zuwa kunnenta, ni kuma ban san ko ciwo take faɗa ba ko wasiyya. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan dare ba. Da asuba yayanmu ya kira aminin Baba da suka yi karatu tare, Baffanmu Injiniya na Kaduna, wanda shi ma da sanda yake tafiya. Na san ba ya son a ambace shi, amma Baffa ka yi mini afuwa, ba zan iya yin shiru ba. Kafin hantsi ya iso, ya ja kujera kusa da gadonta, ya yi mata magana da harshen da ya daɗe bai yi amfani da shi ba, yana laluben kalmomi, ita kuma tana gyara masa kamar ɗalibi. Ashe tambaya take ko an rufe tagar ɗakin yara, domin sanyi zai shigo. Ya ce mata an rufe, ta yi barci. Ya ci gaba da zuwa har ranar da ya laƙƙana mata kalmar shahada ta amsa. Baffa, Allah Ya ba ka lafiya, Ya sa ka gama da duniya lafiya, Ya haɗa ka da amininka a Aljanna Firdausi.

Muna godiya ga ma'aikatan jinya na dare, musamman Sista mai juya ta ba tare da an roƙa ba, da samarin unguwa da suka ba da jini, da Inna ta gidan kusa wadda ta jagoranci wanka, da Liman da jama'ar masallaci, da 'yar ƙanwarta da ta yi ta kira daga Brno tana kuka. Akwai 'yan'uwa na jini waɗanda 'ya'yansu suka tashi a gabanta, suka ci daga tukunyarta, muka yi ta duban ƙofa ba mu gan su ba. Wataƙila uzuri ne ya riƙe su, mun bar wa Allah sani.

Ya Allah Ka gafarta mata, Ka yalwata kabarinta, Ka sa ilimin da ta bayar ya zame mata sadaka mai gudana, Ka karɓi baƙuncinta fiye da yadda aka karɓe ta a nan. Muna roƙon duk wanda ta saɓa wa, ko a aji ko a unguwa, ya yafe mata. Wanda kuma yake bin ta bashi, ko yake da ajiya a wurinta, ya samu yayanmu a gida bayan sallar la'asar kafin sadakar arba'in.