Tarihin rayuwata, kashi na 9: lokacin da nike kai Annasara Azbin

Assalamu alaikum. Makon jiya mun tsaya inda Baffa ya cire ni daga lakwal ya ce in zo in riƙe mishi zaure, to yau sai zancen Annasaran nan masu tafiyar ƙasa, don ta kansu na ci abinci shekara da shekaru.

Wanda bai san Tawa ta wancan lokaci ba zai yi mamaki. Daga Yamai zuwa Agadas kilomita wajen 950 ne, ba mai yinta a zama ɗaya sai mai gaggawa, shi ya sa direbobi ke biyowa ta Dosso da Doguwar Dutsi da Ƙonni su kwana nan Tawa, da asuba su kama hanyar Abalak. Baffa ya gyara ɗakuna a bayan gida, tabarma da katifa da randar ruwa, ba wani otel ba ne, amma tsabta kam akwai ta don Inna ba ta wasa. Bayan anka sa hannu kan sulhu tsakanin gwamnati da 'yan tawayen Buzaye ranar 24 ga Afrilu 1995 sai baƙi sunka fara dawowa kaɗan kaɗan, daga watan Nuwamba har zuwa Fabrairu, lokacin sanyi. Ni ina murna, Baffa kuwa kullum maganarshi ɗaya, "yaro, baƙo raɓa ne." Ko kuɗi ya ƙirga ya sa aljihu sai ya faɗe ta.

Da aparanti na fara, ina bin wani direba Buzu mai kat-kat, motar nan mai shiga rairayi, daga baya na zama kuku, daga baya Baffa ya sayi tsohuwar Land Cruiser na zama direbanta. Ita ce motar da Yaya ya saida, Yaya na gidan Baffa nike nufi, ba na ɗakinmu ba. Zan zo wurin.

Abin da ya fi ba ni mamaki da farko, mutum ya biya kuɗin jirgi tun daga Faransa ko Jamus ko Italiya, ga mota a gabanshi, ya ce shi da ƙafa zai tafi. Aikina in kwashe su daga Agadas bayan an buga hatimi a takardar hanya, in kai su gindin dutsen Bagzan ta wajen Tabelot, nan mota ke ƙarewa. Masu raƙuma da jakuna na jira, a ɗaura musu buhunan barci da bidon ɗin ruwa da shinkafa da makaroni, su Annasaran ba abin da ke hannunsu sai gorar ruwa da kamara. Dutsen nan ƙololuwarshi ta ɗara mita 2000, kuma akwai garuruwa da garake a samanshi, mutane na noma. Sai jagora ya ce mini rana kaza ka same mu rijiya kaza, ko Timiya wajen ruwan nan da ke zubowa daga dutse, shi ke nan. Ba salula ba komai, magana ce kawai. In ka makara mutane na zaune ba abinci, in ka riga su ka yi ta shan shayi kana kallon hanya.

Jagororin nan Buzaye, wallahi har gobe ina sara musu. Ni Ba'adare ne, gudron na sani, amma mutum ya dubi tauraro ya dubi yadda iska ta kwantar da rairayi ya ce ka karkata dama, kuma ka karkata ka tarar da rijiyar. Su sunka koya mini sace iskar taya kafin a shiga rairayin Tenere, da yadda ake tura farantin ƙarfe ƙarƙashin taya in ta nutse. Tagilla ma wurinsu na koya. A kwaɓa fulawa da tauri, a share garwashi gefe, a binne ta cikin rairayi mai zafi a maida garwashin bisa, in ta yi a juya, a fiddo a kakkaɓe a kankare da wuƙa, a gutsuttsura cikin miyar tumatir da albasa. Annasara su yi ta ɗaukar hoto, mu kuwa sanyin Janairu na cin ƙashinmu muna jiran su gama mu ci.

Amma a rabon kuɗi jagoran nan da mai raƙumi su ne na ƙarshe. Kamfanin can Turai ya ɗebi nashi, ajans ta Agadas ta ɗebi nata, mai mota ya karɓa, abin da ya rage shi ke isa ga wanda ya taka dutsen da ƙafarshi, sai fa ɗan kado ranar rabuwa. Wanga abu ya daɗe yana ci mini rai. Kuma shi Yaya da ke faɗa wa mutane wai shi ya kafa harkar, ku tambaye shi ko ya taɓa wuce Abalak, can ma cuku ya je saye.

Zauren Baffa shi ya fara mutuwa, tun kafin tashin hankali. Da anka fara sauke baƙi da jirgi kai tsaye daga Faransa zuwa filin jirgin Agadas, wa zai kwana Tawa kuma? Ɗakunan sunka koma wurin ajiyar albasa. Baffa bai ce komai ba sai dai "ban faɗa maka ba, raɓa ce." Sannan 2007 tawaye ya sake tashi, anka dasa nakiyoyi a hanyoyi, 2010 kuma anka sace ma'aikata a Arlit, daga nan ƙafa ta ɗauke gaba ɗaya. Shekarun da sunka biyo baya ba ni da abin faɗi a kansu.

Na manta ban ce ba, itacen nan na Tenere, wanda ke tsaye shi kaɗai tsakiyar hamada, da wani direban kamiyo ya buge a 1973, na sha kai baƙi wurin na ƙarfe da anka kafa a madadinshi, amma na ainihin ban gan shi ba sai da na kai yara gidan tarihi na Yamai, yana nan an yi mishi rumfa.

To motar. Baffa ya rasu, Allah ya jiƙan shi, ba a yi rabon gado ba, ni ina Yamai ina taksi. 2014 zinariyar Jado, can cikin hamadar arewacin Nijar, ta fito, kowa na neman kat-kat ko nawa ne, Yaya ya saida ta ga masu zuwa haƙa bai kira ni ba, bai kira Inna ba. Motar da na san kukan injinta, ni na canza mata kowane ƙarfe da hannuna. Da na zo na same shi zaure na ce "Yaya, haka ake yi?" sai ya ce wai ai Baffa da kanshi ya ce raɓa ce. Baffa baƙo ya ce, bai ce mota ba.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu zan faɗi yadda zaman da munka yi gaban kawunnai ya kaya, da abin da Inna ta ce mishi.