Sifamidin ɗin da ya ƙone min tumatir

Har yanzu in na tuna tukwane 40 ɗin nan sai raina ya sosu. Aikin digirina na biyu ne: a shayar da tumatir ruwan gishiri, a fesa wa wasu sifamidin (wani sinadari ne da tsiro ke yi da kansa, daga cikin waɗanda ake kira foliyamin), a ga ko zai rage musu wahala. A takarda lissafin a fili yake. Gishiri kan sa ganye ya tara haidurojin feroksaid da 'yan uwansa, sinadarai masu lahani in sun yi yawa, su yi ta cin kitsen fatar ƙwayar halitta. Su kuwa foliyamin, wato futiresin, sifamidin da sifamin, cajinsu na fozitif ne, sai su manne wa fatar da DNA su tallafe su, su kuma zaburar da katalas da SOD, enzayim ɗin da ke kawar da waɗancan sinadarai masu lahani.

Malamin da ke duba aikina ya ce in tsaya a milimola 1, wato ma'aunin ƙarfin sifamidin a ruwan feshi. Ni kuma da zumuɗi na ce abin da kaɗan ya yi, ai mai yawa ya fi. Ban gaya wa kowa ba, na haɗa milimola 10 na fesa da yamma.

Kwana uku bakin ganye ya fara ƙonewa kamar an bi shi da ashana. Na ɗora wa gishiri laifi, na sake fesawa. Wannan feshi na biyun shi ya fi ci min rai. Da na auna MDA, sinadarin da ke nuna yawan lalacewar kitsen fatar ƙwayar halitta, waɗanda na yi wa "gata" sun fi waɗanda gishiri kaɗai ya dama lalacewa.

Malam ya ɗaga ganye ɗaya da na jiƙa a DAB, rinin da ke nuna inda haidurojin feroksaid ya taru, ya yi ruwan ƙasa jawur, ya dube ni: "Kai, nawa ka zuba?" Na sunkuyar da kai. A nan ya tuna min abin da na karanta na wuce: in foliyamin ya yi wa tsiro yawa, enzayim ɗin foliyamin oksidas ne ke farfasa shi, kuma abin da ke fitowa daga farfasawar shi ne haidurojin feroksaid. Kaɗan daga cikinsa saƙo ne da ke tada garkuwar tsiro, mai yawa kuwa wuta ce. Garin neman ƙiba na samo rama, da hannuna.

Yanzu duk ɗalibin da ya tambaye ni, cewa nake ya ware tukwane biyar ya gwada milimola 0.1, 0.5 da 1 tukuna, kuma ya ajiye rukunin da aka fesa wa sifamidin ba gishiri. Da ina da wannan rukunin, tun kwana na uku zan gane mai laifin.

Na sake shuka iri a ƙarshen Fabrairu, zafin Maris ya same ni a ɗakin raga, watanni uku suka tafi.