Ƙumar ruwa a fadamun Nguru: kurakuran da ba sai kun maimaita ba

Ku ɗebi ruwa a farar kwalba daga bakin tafkin Dagona, ku ɗaga ta yadda rana za ta haske ta daga baya. 'Yan ɗige-ɗigen nan da ke zabura suna tsayawa, suna sake zabura, dangin jatan lande ne da ƙaguwa, sai dai yawancinsu ba su wuce milimita ɗaya ko biyu ba. Kashi uku za ku fi cin karo da su. Akwai Cladocera, waɗanda muke kira ƙumar ruwa saboda irin tsallensu. Akwai Copepoda, masu ido ɗaya tal a tsakiyar goshi, waɗanda a wasu jinsunansu macen ke yawo da jakar ƙwai biyu a gefen wutsiya kamar jaki da mangala. Sai Ostracoda, masu ɓawo biyu kamar ƙwayar riɗi, masu rarrafe a kan taɓo. Kakanninku sun san ɓarnar kashi na biyu ko da ba su san sunansa ba, domin a cikinsa tsutsar kurkunu ke zama kafin mutum ya sha ta da ruwan kududdufi. Sai a 2013 aka tabbatar Nijeriya da Nijar sun rabu da kurkunu. Waɗannan ƙananan halittu su ne kuma abincin farko na 'ya'yan kifi, don haka duk mai son sanin lafiyar fadama dole ya san su.

Ƙannena, kusan duk abin da zan faɗa muku a nan game da ɗibar waɗannan halittu da ƙirga su, na taɓa yin akasinsa, kuma samfur ya lalace a hannuna. Ɓarnar ba a gaban maikuroskof take faruwa ba, tun a bakin ruwa da cikin kwalba ake tafka ta.

Takardar izini tukuna. Dagona na cikin ɓangaren Bade-Nguru na Gandun Dajin Ƙasa na Tafkin Chadi, kuma hukumar gandayen daji ta tarayya ce ke ba da izinin ɗibar komai a can, ko da cokalin laka ne. Yankari kuwa tun 2006 tana hannun gwamnatin Bauchi, ƙofar da za a ƙwanƙwasa daban ce. Ku nema da wuri, ku rubuta adadin kwalabe da wuraren da za ku taɓa. Bayan takarda, ku je ku gaida bulama da sarkin ruwa. Shi ya san ramin da ba ya ƙafewa da wanda ya cika shekaranjiya, kuma wannan bayanin ya fi taswira amfani.

Raga ita ce kuskuren farko na kowa. Gidan sauro da rariyar kunu ba su da amfani a nan, idonsu ya yi faɗi, sai manyan kawai za su tsaya, ku koma gida kuna cewa ruwan ba kowa. Idon ragar da ake so yana tsakanin maikiron 55 zuwa 64, wato kusan kashi ɗaya cikin ashirin na milimita. Idan kuka haura zuwa 100, jariran Copepoda da ƙananan jinsuna za su zurare. Idan kuka yi ƙasa sosai, ruwan fadama mai laka da gansakuka zai toshe ta cikin 'yan daƙiƙu, ragar ta koma tura ruwa gaba kamar ƙwarya maimakon tace shi. Ku kula da wannan toshewar, domin ita ke ɓata lissafi ba tare da an ankara ba. A takarda, raga mai baki santimita 30 da aka ja tsawon mita 5 ta tace kusan lita 353. A ruwan Nguru na watan Satumba, mai kaurin koko, abin da ya ratsa ta a zahiri bai kai haka ba, kuma babu yadda za ku san nawa ne ya ragu.

Shi ya sa a ruwa marar zurfi na fi yarda da bokiti. Ku sami bokiti mai lita 10 wanda kuka auna da kanku kuka ja masa layi, kada ku dogara da abin da aka rubuta a gindinsa. Ku ɗiba sau goma daga wurare daban-daban a tasha guda, wato yankin da kuka zaɓa don ɗibar samfur, kuna juyewa cikin ragar da wani ya riƙe, lita 100 ke nan da kuka tabbata da ita. A nitsa bokitin da sauri, domin Copepoda suna jin motsin ruwa su tsere, kuma a ɗiba a gaban ƙafa, kafin takunku ya tayar da laka. In an gama, a wanke jikin ragar daga waje, ana watsa ruwa har duk abin da ya manne ya gangara cikin ɗan kofin da ke ƙasanta. Wanda ya wanke daga ciki da ruwan tafki ya ƙara halittun da ba a auna ba.

Wurin da aka ɗiba ya fi komai sauya sakamako. Mai kwalekwale zai kai ku tsakiyar ruwa inda ya fi sauƙin tuƙi, ku kuma ku ji daɗin jan raga ba ciyawa. A can za ku sami ƙumar ruwa irin su Moina, Diaphanosoma da Ceriodaphnia, da Thermocyclops na kashin Copepoda, su ne dai 'yan jinsunan nan da ke bayyana a kusan kowane rahoto. Yawan jinsuna kuwa yana gefe, a ƙarƙashin ganyen bado, a gindin burugu, a tsakanin saiwar kacala wadda ta cinye magudanun yankin tun bayan da madatsun Tiga da Challawa suka sauya yadda ambaliya ke zuwa. Ƙumar ruwa na dangin Chydoridae da Macrothricidae manne suke da ciyawa suna kankarar abinci, ba safai suke iyo a sarari ba, da wuya ragar ja ta kama su. Su sai ragar hannu mai sanda, a tura ta cikin ciyawar a girgiza, ko a tumɓuke ciyawar a wanke ta cikin bokiti sannan a tace. Ostracoda kuma sai an shafi fuskar taɓon da raga mai ido kamar maikiron 250. Saboda haka kowace tasha kwalba uku take bukata, ta sarari da ta ciyawa da ta ƙasa, kuma kada a haɗa su wuri guda don tsimin kwalba. Na taɓa haɗawa, daga baya na rasa yadda zan ce wane jinsi ne mazaunin ina.

Lokaci ma haka. Inda ruwa ke da zurfi, da yawansu suna sauka ƙasa da rana don gudun idon kifi, su hauro da dare. Wanda ya ɗebi tasha ta ɗaya da hantsi, ta biyar da la'asar sakaliya, sannan ya kwatanta su, agogo ya auna. Ku tsayar da sa'o'i guda ku riƙe su, ku kuma rubuta lokacin. Zuwa sau ɗaya a shekara bai isa a kira shi ƙidaya ba: ruwan farko na damina, cikar ambaliya, janyewar ruwa lokacin hunturu da ragowar tafkunan bazara kowanne da jama'arsa. Moina na iya cika kududdufi cikin kwanaki kaɗan ta ɓace bayan mako biyu.

A kowace tasha ku auna zafin ruwa, tsaminsa, gishirinsa da iskar da ke narke a cikinsa kafin ku shiga ku dama shi, ku nitsa faifan Secchi mai faɗin santimita 20 don sanin duhunsa, ku ɗauki lambar GPS. Gishirin ba ƙaramin abu ba ne, tafkunan kanwa na Bulatura da fadamar Dagona suna gandu ɗaya amma ruwansu ba ɗaya ba. Ku sa dogon takalmin roba da safar hannu. Inda akwai dodon koɗi da mutane akwai tsargiya, kuma ta fata take shiga.

Yanzu kwalba, inda aka fi asara. Kada ku bar samfur da rai ku ce sai an koma masauki. A zafin Nguru iska na ƙarewa a rufaffiyar kwalba cikin ɗan lokaci, matattun su fara ruɓewa, manyan Copepoda irin su Mesocyclops kuma su cinye ƙananan da kuka sha wahalar kamawa. A nan bakin ruwa ake kashewa. Amma in kuka kwarara fomalin, sinadarin da ke hana samfur ruɓewa, kai tsaye, ƙumar ruwa za ta kumbura, ɓawonta ya wage, ƙwai da 'ya'yan da ke bayanta su zube, ku rasa damar sanin yawan haihuwarta. Maganin wannan mai araha ne. Ku fara zuba ruwan soda kaɗan, marar zaƙi, ku jira minti biyu zuwa uku har su daina motsi, iskar da ke cikinsa ce ke sumar da su. Sannan a zuba fomalin da aka narka wa sukari, yadda zai kai giram 40 zuwa 60 a kowace lita ta samfur. Sukarin ne ke hana kumburin.

Ma'aunin fomalin na rikita ɗalibai. Wanda ake sayarwa yana da ƙarfin kashi 37 zuwa 40 cikin ɗari. Kashi 4 ake so a ƙarshe, wato mililita 10 a kan mililita 90 na samfur. Idan ya daɗe a ajiye yana yin tsami, tsamin kuma yana narkar da ɓawon Ostracoda, wanda da shi ake gane su, sai ku buɗe bayan wata uku ku tarar da laushin nama kawai. A zuba wa fomalin garin boraks mai kashe tsami har garin ya daina narkewa kafin a fita da shi. Idan akwai niyyar gwajin ƙwayar halitta nan gaba, fomalin ba ya cikin zance, yana lalata ta. A nan itanol mai kashi 96 ake so, kuma sai an tsane ruwan samfurin a kan ɗan ƙyallen raga kafin a tsoma shi, a sake sabon itanol washegari. Masu zuba itanol a kan rabin kwalbar ruwa suna tsammanin sun adana, alhali sun tsinka shi har ya kasa aiki. A naɗe murfi da salatif, a ajiye a inuwa, domin zafin bayan mota yana shanye shi. Ragowar fomalin kuma a dawo da shi gida a jarka. Guba ne ga kifi da ku kanku, ba a zubar da shi a gandu, ba a kuma shaƙarsa a rufaffen ɗaki.

Alamar kwalba da fensir ake rubuta ta, a kan takarda mai ƙwari, a jefa ta ciki. Tawadar maka tana wankewa da ɗigon itanol ɗaya, takardar da aka manna a waje kuma tana ɓallewa a cikin kula. Kwalba goma sha biyu marasa suna ruwan banza ne, komai kyawun abin da ke ciki. Tsakanin tafki da tafki a wanke raga sosai, a juya ta, in da hali a shanya ta ta bushe. Ƙwai ɗaya da ya maƙale a ɗinki zai sa ku ba da rahoton jinsi a inda babu shi, ko ma ku kai shi can da hannunku.

A ɗakin bincike, ku mayar da samfurin zuwa adadin da kuka sani, a ce mililita 50. Ku juya kwalbar a hankali sama da ƙasa, kada ku kaɗa ta a zagaye, domin kaɗawa tana tara masu nauyi a wuri ɗaya. Ku zuƙi mililita 1 nan take da bututu mai faɗin baki, sirinjin da aka yanke wa kai ma ya wadatar, ku zuba a farantin ƙirga na Sedgewick-Rafter. In kun sami Moina 60, to 3,000 ke nan a kwalbar, a raba da lita 100, ya ba da 30 a kowace lita. Ku maimaita aƙalla sau uku, kuma kada ku tsaya sai jinsin da ya fi yawa ya haura ɗari. Bayan haka ku zazzage sauran samfurin duka ku duba shi, saboda jinsunan da ba su da yawa ba sa faɗowa cikin mililita ɗaya, su ne kuwa masu kula da gandu suka fi son jin labarinsu.

Wajen sa suna ku ji tsoron Allah. Littattafan ganewa da suka fi yawo a jami'o'inmu na Turai ne da Amurka, kuma ɗalibi na ganin ƙumar ruwa sai ya rubuta Daphnia pulex domin ita ce a hoton. Daphnia ba ta da yawa a ruwan zafi na ƙasashenmu, sau da yawa abin da ke gabanku Moina ce ko Ceriodaphnia ko Simocephalus. Copepoda sun fi wuya. Sai an sami balagaggiyar mace, a sa ta cikin ɗigon gilisarin, a feɗe ta da allura biyu masu tsini a fito da ƙafa ta biyar, wadda ba ta kai ƙurar kwalli ba. Jarirai ba a kai su matakin jinsi, a ƙirga su a rukuninsu kawai. In kun tsaya a sunan dangi kun rubuta Thermocyclops sp., babu wanda zai zarge ku. Ku ajiye wasu a ƙananan kwalabe da lamba, domin wanda ya fi ku ido ya iya dubawa bayan shekara goma.

Idan kuka isa a watan Afrilu kuka tarar tafkin ya zama busasshiyar laka mai tsage-tsage, kada ku juya. Kafin ruwa ya ƙafe, ƙumar ruwa tana yin ƙwai masu kauri a cikin wata 'yar baƙar jaka mai kamar sirdi, waɗanda ke jure fari na shekaru, har agwagin da ke zuwa daga Turai cin rani suna ɗaukarsu a gashi da ciki. Ku kankari santimita 2 zuwa 3 na saman lakar daga wurare da dama, musamman layin da ruwa ya tsaya a ƙarshe, ku zuba a ambulan takarda, domin leda tana tara gumi ta kawo fumfuna. A gida ku sa cokali biyu ko uku a faffadan kwano, ku zuba lita ɗaya ta ruwan sama ko tataccen ruwa, ban da na famfo mai sinadarin kulorin, ku ajiye inda haske ke shiga ba rana kai tsaye ba. Ku riƙa dubawa kullum da tocila daga gefe, kuna tsame duk abin da ya ƙyanƙyashe kafin wani ya cinye shi. Bayan mako uku ko huɗu ku bar kwanon ya bushe ƙayau, ku sake jiƙa shi, domin wasu ƙwan ba sa fashewa a jiƙon farko.