Ramin da Ke Cikin Wuyan Jita

Katakon farko da aka damƙa mini a Legas ɓata shi na yi. Wuyan jita ne na mahogani, wanda maigidana ya yi wata huɗu yana shanyawa a saman rufin shago. Aikina in haƙa dogon rami a tsakiyarsa, inda sandar ƙarfe za ta kwanta. Na kama injin rauta, mai haƙa rami a katako, da hannu biyu, na bi layin fensir da ido kamar yadda na saba bin layi da gizago a gida. Ban kai rabi ba injin ya fizge, ramin ya goce hagu da kusan milimita 3. Maigidan nawa, da muke kira Baba, bai yi faɗa ba. Ya ɗaga katakon, ya runtse ido ɗaya ya hange shi ta tsawo, sannan ya jingine shi a lungun tarkace. Da zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Ni mutumin Madarunfa ne, a jihar Maraɗi. Mahaifina masassaƙi ne: turmi, taɓarya, akushi, ƙotar fartanya, jefi-jefi kuma a kawo masa gyaran gurmi. A 2021 na biyo ta Ɗan Isa da Jibiya, na kwana Kano, na hau motar shanu har Agege, wurin kawuna da ke harkar dabbobi. Na zaci tunda Hausa ce a bakina ba zan yi baƙunta ba. Ashe Hausar ma tana da iyaka. Na ce an ɗauke kuran, aka yi dariya, wai wuta ake cewa. Na ce babana minizye ne, aka ce kafinta. In an faɗi kuɗi sai na tsaya na mayar da shi jika-jika a kaina kafin in san ko da tsada. A titi kuwa duk ɗaya muke, ɗan Nijar da Bakano da ɗan Cadi, kowa aboki ne.

Acaɓa na fara, da babur ɗin wani Alhaji, har ranar 1 ga Yuni, 2022, da aka hana sana'ar a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Ikeja, inda kuɗin yake. Na mayar wa mai babur kayansa. Kawu ne ya kai ni Mushin wurin wani dattijo Bayarabe da ke sayen ragon layya a hannunsa kowace shekara. A Sabon Garin Kano aka haife shi, Hausarsa har da karin magana. Yana gyara jita, yana kuma ƙera sababbi ga coci-coci da makaɗan biki. Kawu ya ce masa, "Ga ɗana nan, hannunsa ya san itace." Baba ya ce, "Za mu gani."

Abin da ya gani ke nan a lungun tarkace.

Washegari ya zaunar da ni ya yi mini bayanin ƙarfen, wanda a shago ake kira turos rod. Gurmin babana tsirkiyarsa ba ta da wani ja, sanda kawai ta ishe shi. Jita mai tsirkiyar ƙarfe shida kuwa, jan da ke kan wuyanta ya kai nauyin kilo 70, dare da rana. A hankali wuyan yake lanƙwasowa gaba kamar baka, tsirkiyoyin su yi nisa da allon yatsu, mai kaɗawa ya sha wahala. Sandar ƙarfen tana kwance a ciki, in ka ɗaure notinta sai ta mayar da wuyan baya. Wani ma'aikacin kamfanin Gibson a Amurka, Thaddeus McHugh, shi aka ba wa takardar mallakar wannan dabara a 1923. A Legas amfaninta ya ninka, don itace a nan ba ya zama wuri ɗaya. Da damina ya sha laima ya kumbura, hunturu ya leƙo a Disamba ya tsuke. Shi ya sa a waɗannan lokutan shagonmu ke cika da jitoci masu zizar tsirkiya.

Irin sandar da muke sa wa mai aiki gaba da baya ce, raminta miƙaƙƙe, faɗi milimita 6, zurfi 9 da rabi. Lissafin ne ya tsorata ni. Kaurin wuya kusa da kai wajen milimita 21 ne, allon yatsu ya cinye 6, saura 15. Cire zurfin rami, abin da ya rage a baya bai wuce 5 da ɗoriya ba. Kuma bayan wuya zagaye ake sassaƙa shi, in ramin ya goce gefe, to ya kusanci inda itacen ya fi siranta. Ranar da aka ɗaure noti da ƙarfi, nan zai tsage. Baba da hannu yake yi, shekara arba'in ke riƙe masa injin. Ni ba ni da shekara arba'in. Na tuna wani kafinta a Maraɗi da ke yanka ƙafafun kujeru da abin da yake kira gabari, kowace ƙafa ta fito daidai da 'yar'uwarta. A nan jig ake ce masa.

A bayan ɗakinmu na Agege na haɗa na farko, da fitilar waya. Falan filawud mai kaurin milimita 18, tsawo santimita 70, na ja layi a tsakiyarsa da bakin wuƙa, don layin fensir yana da kauri. Na kafa katako biyu miƙaƙƙu dama da hagu, tazararsu daidai faɗin gindin rauta, ya zame tsakaninsu kamar jirgin ƙasa a kan dogo. A kowane ƙarshe na ɗaure ɗan guntu da zai tare injin, kada ramin ya wuce tsawon sanda. Wuyan kuma tun yana da kusurwa huɗu ake sa shi, kafin a sassaƙa, a matse shi da weji, wato ɗan katako mai tsini, ta gefe har layinsa ya hau kan layin filawud ɗin. Sati biyu yana aiki lafiya. Sai ruwan Yuli ya sauka kwana uku a jere, na zo na tarar dogon hagu ya yi ciki, injin yana cijewa a tsakiya. Itacen da na sa ya tsare itace shi ma ya sha laima.

Maƙwabcinmu wani Bakano mai haɗa tagogin alminiyom ne ya fitar da ni. Ya duba ya ce, "Ɗan Nijar, a garin nan in kana son abu ya tsaya a miƙe, kada ka ba itace amana." Ya yanko mini alminiyom mai kusurwa guda biyu daga ragowar aikinsa. Na ce, "Malam, nawa zan bayar?" Ya ce in gyara masa ƙofar kabad ɗin uwargida, mun rabu.

Duk da haka gwajin farko a kan guntun katakon obece ya fito da gocewar milimita 1. Na auna dogo, daidai. Na auna layi, daidai. Kwana biyu abin yana cina, har a sallah yana faɗo mini. A na uku na juya injin, hannun dama ya koma hagu, na sake yanka, sai gocewar ta koma ɗaya gefen. Ashe bakin yankan ba a tsakiyar gindin injin yake cif ba. Na ɗiga jan fenti a gefe ɗaya na gindin da kuma dogon da zai riƙa bi, na matsar da dogayen har ramin ya hau layi, na goga musu kyandir don santsi. Ba na cin zurfin gaba ɗaya, sau huɗu nake bi, kaɗan-kaɗan. In an ɗauke wuta ana tsakiyar yanka, sai in kashe makunni tukuna, in ɗaga injin, don kada wutar ta dawo baki yana cikin itace.

Da na kai wa Baba, wuya uku na yanka a gabansa. Ya tura sandar cikin na farko, ta shiga da ɗan matsi, ya kife katakon ba ta faɗo ba. Ya ce, "Yaro, wa ya koya maka?" Na ce, "Katakon da na ɓata maka, Baba." Tun ranar ramin ya zama aikina, har da manna tef a kan sandar kada gam ya shige ta lokacin liƙa allon yatsu. Shi ya nuna mini cewa mahoganin da muke saye ɗan'uwan maɗacinmu ne na gida, wanda ake jiƙa ɓawonsa a sha. Na ɗanɗana garinsa a yatsa, da ɗan ɗaci kuwa.

Kawu bai ji daɗi sosai ba da ya gane kayan kiɗa nake ƙerawa. Na ce, "Kawu, ai babana ma yana gyara gurmi." Ya yi shiru, can ya ce, "To, ka dai tsare sallarka." Ban ɗauki maganar da wasa ba, shi ma Baba na shago ya san ƙarfe ɗayan Juma'a ba a nemana.

Bayan juyin mulkin Yulin 2023 aka rufe iyaka har zuwa Maris na 2024, ban samu zuwa gida ba, mahaifiyata ta yi jinya ta warke ina jin ta a waya kawai. Da Nijar ta kammala ficewa daga ECOWAS a Janairun 2025, hirar ɗakinmu ta koma ta takardu. A watannin nan jig ɗin ne ya riƙe ni, in na kunna injin ba na tunanin komai sai layi.

Kwanan baya wani Buzu mai gadi a Ikeja ya zo da kuɗin da ya tara, yana son jita ya kai wa ƙanensa a Agadas. Ni na yanka ramin, ni na saita wuyan, na bar masa ɗan lanƙwasa kamar kaurin katin waya na takarda. Na san abin da iskar can za ta yi wa itacen da ya girma a laimar kurmi. Na ɗaure alanki, ɗan makullin juya notin, da zare a cikin jakar, na ce masa, "Ɗan'uwa, in kun isa ku bar ta sati biyu kada ku taɓa. In tsirkiya ta yi sama, ku ɗaure noti rubu'in juyi kawai, ku kwana, sannan ku sake dubawa." Ya sa na maimaita, ya ɗauka a wayarsa.